Metallica Ko Megadeth? Gardamar Da Ta Hana Ɗakinmu Barci

'Yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu waɗanda za su karanta wannan mujalla idan mun kawo ta gida hutu, ina roƙo ku ba ni aron hankalinku in kawo muku wata gardama wadda ta yi zango biyu tana ci a ɗakinmu na kwana, har sau biyu ana sa mu sharar harabar gida saboda surutu bayan an kashe fitila. Gardamar kuwa a kan makaɗa ce, makaɗan ma na ƙasar Amurka, ƙungiyoyi biyu masu suna Metallica da Megadeth. Na san wani zai ce, me ya haɗa kifi da kaska? To, a yi mini haƙuri a ji yadda aka yi.

Asalin abin daga darasin Fiziks ya fito. Bara aka turo mana wani malami ɗan bautar ƙasa, da muka zo babin sauti sai ya zana igiyar sauti a allo tana hawa tana sauka kamar tafiyar maciji. Ya ce idan aka tura wa na'urar ƙara sauti abin da ya fi ƙarfinta, sai ta kasa kai igiyar nan ƙololuwa, ta aske mata sama ta aske mata ƙasa, sautin ya fito da kaushi da gurnani. Mai gyaran rediyo lalacewa zai kira wannan. Amma, in ji malam, akwai makaɗan da da gangan suke neman wannan lalacewar, a kanta suka gina sana'arsu. Sai ya ciro wata 'yar lasifika ya sa mana kiɗa na kamar rabin minti. Rabin aji suka toshe kunne. Wani daga baya ya ce janareto ne ya sha gurɓataccen mai. Mu biyu kaɗai muka bi malam bayan an tashi muna tambayarsa sunan abin, ni da maƙwabcina wanda gadonsa ke saman nawa. Ya roƙe ni kada in sa sunansa a nan, saboda haka maƙwabcina zan riƙa ce masa. Tun da ba a yarda da waya a makaranta ba, sai da muka je hutu kowa ya nemi waƙoƙin ya saurara, muka dawo ni ina bayan Metallica, shi yana bayan Megadeth.

Sunan wannan kiɗa hebi metal, watau ƙarfe mai nauyi. Kayan aikinsa ba su da yawa: jita biyu masu aiki da lantarki, da jita ɗaya mai kaurin murya wadda ake kira bes, da ganguna, da mawaƙi. Galibin masana suna kai asalinsa ga birnin Birmingham na Ingila, garin masana'antu, inda wata ƙungiya mai suna Black Sabbath ta fitar da faifanta na farko a 1970. Mai jitarta, Tony Iommi, yana ɗan shekara 17 injin yankan ƙarfe ya guntule masa kan yatsu biyu a wurin aiki. Maimakon ya haƙura da jita, sai ya ƙera wa yatsun huluna na roba, daga baya ya sassauta tsirkiyoyin don kada su yi masa zafi, sautin ya sauko ƙasa ya yi nauyi. Ƙungiyar ta yi wasanta na ban kwana a Birmingham ran 5 ga Yuli 2025, mawaƙinta Ozzy Osbourne ya mutu ran 22 ga wannan wata. Abin da samarin Kalifoniya suka yi a farkon shekarun 1980 shi ne suka ɗauki wannan nauyi suka ƙara masa gudu. Ginshiƙin kowace waƙa wani ɗan gajeren kiɗan jita ne da ake ta maimaitawa, ni take nake kiransa, don aikinsa ɗaya da taken da makaɗanmu ke yi wa mutum: da ka ji shi ka san waƙar wa ce.

Ba za a gane gardamarmu ba sai an san cewa ƙungiyoyin nan biyu daga tukunya ɗaya suka fito. A 1981 wani saurayi ɗan ƙasar Denmak, Lars Ulrich, wanda aka kai Amurka don ya gaji ubansa a wasan tanis amma zuciyarsa na kan ganga, ya sa talla a wata jarida a Los Anjalis yana neman abokan kiɗa. James Hetfield ya amsa, suka kafa Metallica. Ba a daɗe ba suka ɗauki wani mai jita jan gashi, Dave Mustaine. Kowa ya yarda gwani ne, kowa kuma ya yarda idan ya sha giya ba ya jin kira, faɗa yake nema da kowa har da abokan kiɗansa. Ran 11 ga Afrilu 1983, suna birnin Niyok za su ɗauki faifansu na farko, sauran suka tashe shi daga barci da safe suka ce an sallame shi, suka miƙa masa tikitin bas. Yana ɗan shekara 21 a lokacin. Kwana huɗu ya yi a bas kafin ya isa Los Anjalis, tafiyar fiye da kilomita dubu huɗu, kamar mutum ya yi Kano zuwa Ikko sau huɗu ba hutawa. A cikin motar nan ya tsinci wata takarda ta wani sanata, Alan Cranston, a kan haɗarin makaman nukiliya, ya ga wata kalma a ciki mai nufin mutuwar mutum miliyan ɗaya. Ita ce daga baya ya cire wa harafi ɗaya ta zama sunan ƙungiyarsa. Niyyarsa kuwa bai ɓoye ta ba: ya kafa ƙungiyar da za ta fi waɗanda suka kore shi sauri da zafi.

Yanzu ga hujjata ta farko, kuma ita ce babba. Malaman kimiyya sun koya mana cewa idan za ka gwada abu biyu, ka bar komai daidai ka canja abu ɗaya kawai. To, tarihi ya yi mana wannan gwaji kyauta. Akwai wata waƙa da Mustaine ya shirya tun kafin a kore shi. Metallica suka sa ta a faifansu na farko, Kill 'Em All, a 1983, da sunan The Four Horsemen, watau mahaya huɗu, suka rubuta sunansa cikin masu ita kamar yadda suka yi a wasu waƙoƙi uku na faifan. Shi kuma da ya fitar da nasa faifan na farko a 1985, ya sa ta da sunanta na asali, Mechanix. Take ɗaya ne, hannu biyu suka kaɗa. Duk mai son ya yanke hukunci tsakanin ƙungiyoyin nan, a nan ya kamata ya fara.

Ta Mustaine minti huɗu da ɗan kai ce, kuma gudu yake yi da ita kamar wanda kare ya biyo. Ban musa ba, abin mamaki ne a ce yatsun ɗan Adam suna iya wannan. Amma saurin ya cinye taken, ba ka gama jin daɗin wuri ɗaya ba an wuce da kai wani. Kalmominta kuma maganar banza ce ta samari wadda ba zan kawo ta mujallar makaranta ba. Ta Metallica ta haura minti bakwai. Sun rage gudun har taken ya fito da kamannin sukuwar doki, duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan salla zai ji kofato a cikinta. Hetfield ya sake kalmomin, ya ɗauko hoton mahayan nan huɗu masu kawo halaka daga littafin Kirista na Ru'ya ta Yohanna, kalmomi da kiɗa suka zama abu guda. Sa'an nan a tsakiya suka sassauta ƙwarai, jita ta yi wani kuka mai daɗi, kafin dawakin su sake zabura. Maƙwabcina yakan ce ai ko wannan sashe na tsakiya daga hannun Mustaine ya fito, don shi da bakinsa ya ba da labari cewa da wasa ya kaɗa shi, ran da Ulrich ya dame shi da a rage sauri. Na yarda. Amma wa ya ji wasan nan ya gane zinariya ce ya riƙe, wa kuma ya yar da ita da ya zo yin tasa? A ganina Mustaine ya ɗauki waƙarsa ya mai da ita sanda don ya doki tsofaffin abokansa, su kuwa suka ɗauke ta suka tambayi kansu me take bukata.

Sai dai yabon gwani ya zama dole, kuma maƙwabcina ba kanwar lasa ba ne a gardama. Da na kawo wannan sai ya ce, to, a bar aikin yarinta, a zo kan Rust in Peace. Wannan faifan Megadeth ne na 1990, kuma a nan nakan yi shiru in sosa ƙeya. A shekarar Mustaine ya sami wani mai jita, Marty Friedman, ga kuma mai ganga, Nick Menza, wanda ya shigo tun 1989, suka yi aikin da har yau masu koyon jita suke fasa yatsu a kansa. A waƙar Hangar 18 rabin ƙarshe duk karɓeɓeniya ce tsakanin Mustaine da Friedman, wannan ya kaɗa wancan ya amsa, wajen sau goma, ɗaya da kaushi ɗaya da laushi, ba wanda ya maimaita abin da ɗan'uwansa ya yi. A Tornado of Souls kuwa akwai wurin da Friedman ya fita shi kaɗai na kamar minti guda, ni kaina da nake ɗaya ɓangaren na saurare shi ya fi sau hamsin. Tun kafin nan ma, a faifan Peace Sells na 1986, mutanen da Mustaine ya ɗauko, Chris Poland da Gar Samuelson, daga kiɗan jaz suka fito, inda ba a shiga sai da ilmi. Maƙwabcina ya ce a jera su mutum da mutum a gani. Kirk Hammett, wanda ya maye gurbin Mustaine, in ji shi ya cika laɓewa bayan wani abin takawa da ke sa jita ta yi kamar kukan jariri. Ulrich kuwa, ko masoyansa sun san akwai masu ganga da yawa da suka fi shi. Ban iya musa ko ɗaya ba. Zan ma ƙara masa da abin da bai nema ba: daga 1990 zuwa yau ban ji wani faifan Metallica da ya kamo ƙafar Rust in Peace ba.

Yana da wata hujja kuma wadda ta fi wannan ciwo, ita ce ta adalci. Ya ce an kori Mustaine don shan giya, alhali su masu korar har laƙabi aka yi musu da giya saboda yawan sha. Mustaine ya daɗe yana kuka cewa ba a yi masa gargaɗi ba, ba a ba shi dama ta biyu ba. Da Hetfield ya shiga irin wannan hali a 2001 ya tafi asibitin masu fama da shaye-shaye, ai jiransa aka yi wata da watanni har ya dawo. Laifi tudu ne. Sa'an nan ga abin da suka yi wa Jason Newsted, mai bes ɗin da suka ɗauka a 1986. Irin gwale-gwalen da manyan aji ke yi wa sabon shiga suka yi masa, har a faifan 1988 suka rage sautin jitarsa kusan ba a jinta, ya daure shekara goma sha huɗu ya bar su a 2001. Mu 'yan makarantar kwana mun san wannan hali, ba sai an fassara mana ba. A nan ma ban da abin cewa sai dai wannan: an tambaye mu wa ya fi kiɗa, ba a tambaye mu wa ya fi kirki ba. Idan kuwa kirki za a auna, ƙungiyar Mustaine mutum fiye da ashirin suka shiga suka fita, shi kaɗai ne bai taɓa gusawa ba, har David Ellefson wanda suka kafa ta tare an sallame shi a 2021. Wanda aka kora ya zama sarkin kora.

Akwai hujjar da 'yan ɓangarena suke so, ni kuwa ba na taɓa ta. Ita ce ta ciniki. Faifan Metallica na 1991, wanda ake kira baƙin faifai saboda launin bangonsa, an sayar da fiye da miliyan 16 a Amurka kaɗai, Megadeth ba su taɓa kusantar haka ba. A 2013 Metallica sun yi wasa a duk nahiyoyin duniya bakwai cikin shekara guda, har Afirka ta Kudu, har kan ƙanƙarar Antatika. Duk gaskiya ne, amma idan yawan masu saye ne ma'auni, ashe alewa ta fi zuma. Baƙin faifan nan ya sayu ne domin sun gajarta waƙoƙin sun sauƙaƙa su yadda gidajen rediyo za su karɓa. Bayansa kuma sun yi ta tuntuɓe. A 1996 suka aske gashi suka canja kiɗa, tsofaffin masoya suka yi fushi. A 2000 suka kai ƙarar Napster, wata hanyar musayar waƙoƙi kyauta a intanet, abin da ya sa aka toshe mutum fiye da dubu 300, yawancinsu masu son su ne. A faifan St. Anger na 2003 gangar Ulrich ƙara take yi kamar ana dukan bokitin ƙarfe a bakin famfo. Megadeth ma dai sun bi rediyo a 1999 da faifan Risk, suka dawo ba tsuntsu ba tarko. Kowa ya yi nasa.

Abin da nake tsayawa a kai shi ne shekara biyar, daga 1983 zuwa 1988, da faifai huɗu da Metallica suka yi a cikinsu. Ku ɗauki waƙar Master of Puppets ta 1986. Minti takwas da rabi ce, magana take yi a kan ƙwaya, ta kwatanta ta da mai wasan 'yar tsana wanda ke jan mutum da zare yana juya shi yadda ya so har ya kai shi kabari. Hetfield yana kaɗa taken ne da bugun ƙasa kawai, ba ya bugawa idan hannu zai dawo sama, wajen sau bakwai a sakan ɗaya, kuma yana waƙa a lokaci guda. Wannan ne ke sa kowane bugu ya fito da nauyi iri ɗaya kamar saukar guduma a maƙera. To, ana tsakiyar wannan wuta sai komai ya lafa, jita biyu su shiga wani kiɗa mai sanyi kamar na ta'aziyya, shi ne ɗan daɗin da mashayi ke ji kafin abin ya juya masa, sa'an nan a hankali gudumar ta dawo. Ko ba ka jin Turanci ka gane labarin. A 2016 babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa faifan cikin sautukan da za a adana wa na baya, shi ne faifan hebi metal na farko da ya sami wannan matsayi. Haka kuma waƙar One ta 1988, labarin sojan da bom ya raba da hannuwa da ƙafafu da gani da ji da magana, ya rage rai kawai a kan gadon asibiti. Da sanyi take farawa kamar mai tunani, a ƙarshe ganguna da jita su haɗu su koma ƙarar bindiga mai sarrafa kanta. A waƙoƙin nan ba ka cewa kai, ji gwanin jita. Mantawa kake yi da akwai jita.

Wannan iya sassautawa, da yawa daga cikinta daga Cliff Burton ta zo, mai bes ɗinsu na wancan lokaci, wanda ya koyi fiyano tun yana yaro ya kuma san ƙa'idar haɗa sautuka. Ya mutu ran 27 ga Satumba 1986 a ƙasar Suwidin, da motarsu ta kife da su suna barci, yana ɗan shekara 24. Duk mai son ya san abin da aka rasa ya saurari Orion, kiɗa ne zalla babu waƙa. Abin lura a nan shi ne, a Metallica akwai wanda zai ce wa wani a'a. Hetfield ya kawo take, Ulrich, wanda ake raina gangarsa, shi ne mai kunnen jera su ya ce wannan a gaba wancan a baya, Burton ya zuba musu zaƙi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A Megadeth kuwa wa zai ce wa Mustaine a'a ya kwana a ƙungiyar? Ga kuma murya. Hetfield daga ƙirji yake waƙa. Mustaine ta tsakanin haƙora yake yi kamar mai zagi a ɓoye, abin yana dacewa da waƙar habaici a kan 'yan siyasa, amma idan aka zo waƙar baƙin ciki sai ka ji har yanzu faɗa yake yi.

Ga iyayenmu, na san abin da ke ranku, kuma ba zan yi muku ƙarya ba. Bangon faifan mutanen nan cike yake da hoton ƙoƙon kai, a wasu waƙoƙin akwai ashar, rayuwarsu ta samartaka kuma ba abar koyi ba ce, su da kansu sun faɗa bayan ta kai su asibiti. Amma mafi yawan abin da suke waƙa a kai yaƙi ne, da zaluncin masu mulki, da sharrin ƙwaya. Waƙar Megadeth da na fi girmamawa, Holy Wars, ta samo asali ne daga wani wasa da suka yi a Ailan ta Arewa a 1988, lokacin da ake rikici tsakanin 'yan Katolika da 'yan Furotesta. Mustaine ya sha ya yi wata magana a kan dandamali ba tare da ya san nauyinta ba, 'yan kallo suka rabu biyu, sai a mota mai sulke aka fitar da su. Daga nan ya rubuta waƙar yana la'antar kisan ɗan'uwa da sunan addini. Wannan maki na maƙwabcina ne, na ba shi.

Saura abu guda, wanda na daɗe ina tunanin ko in rubuta ko in bari. A ajinmu zango biyar ke nan a jere maƙwabcina ne na ɗaya, ni ne na biyu. Shi Megadeth yake so don yana son abu mai wuya, yadda yake son lissafin da ya gagari kowa. Ni kuwa akwai abin da nake ji a kiɗan Mustaine wanda shi ba ya ji, domin bai taɓa zama na biyu ba. A 1991 baƙin faifai ya hau matsayi na ɗaya a jerin cinikin Amurka. A 1992 faifan Megadeth, Countdown to Extinction, ya hau na biyu, abin da dubban makaɗa suke mutuwa ba su gani ba. Amma a wani fim na tarihin Metallica da ya fito a 2004, an nuna Mustaine zaune gaban Ulrich, mutumin da ya sayar da miliyoyin faifai, yana magana kamar zai yi kuka, yana nuna cewa duk abin da ya yi a banza yake ganinsa tun da kullum a bayansu ake lissafa shi. Da na ga wurin nan sai na tuna ranar da na kai sakamako gida da maki 81 a lissafi, mahaifina yana murna yana nuna wa baƙi, ni kuwa na kasa cin tuwo don wani ya sami 88. Na san yadda mutum yake karatu ido ɗaya a littafi ido ɗaya a kan gadon sama. Irin wannan karatu yana kawo maki, amma ba ka jin daɗin abin da ka karanta. Shi nake ji a Mechanix, shi nake ji jefi-jefi har a cikin Rust in Peace: mutum yana kiɗa yana waiwaye. Metallica a shekarun nan biyar ba su da wanda suke waiwaya.

Duniya ma ba ta taimake shi ya manta ba. A 2017 Megadeth suka ci kyautar Grammy ta farko bayan an sha sa sunansu ana ba wasu. Suna tafiya za su karɓa, sai makaɗan zauren suka kama kaɗa musu Master of Puppets. Mustaine dai ya daure ya yi kamar yana kaɗa jita a iska ya wuce. Juriyarsa kam ba a magana. A 2002 jijiyar hannunsa na hagu ta lalace har ya rushe ƙungiyar, ya sake koya wa yatsunsa aiki ya dawo a 2004. A 2019 aka same shi da ciwon daji a maƙogwaro, ya yi jinya ya koma dandamali. Ran 22 ga Yuni 2010 kuma, a birnin Sofiya na Bulgeriya, shi da tsofaffin abokansa suka hau dandamali ɗaya suka yi waƙa tare suka rungumi juna, bayan shekara 27. Da na ba maƙwabcina wannan labari don mu ma mu sasanta, sai ya ce ai su ne suka neme shi.

A watan Agusta 2025 Mustaine ya ba da sanarwa cewa Megadeth za su yi faifai na ƙarshe da zagayen ban kwana su ajiye. Daga baya ya ce a cikin faifan zai sake kaɗa Ride the Lightning, waƙar Metallica ta 1984 wadda sunansa ke cikin waɗanda suka shirya ta. Watau gwajin nan na take ɗaya hannu biyu an sake yin sa, bayan shekara arba'in da 'yan kai. Ni da maƙwabcina mun yi alkawari ba wanda zai saurara shi kaɗai. Hutun nan zai zo gidanmu, mu sa ta 1984 mu sa sabuwar, ƙanwata wadda ba ta san kowa a cikinsu ba ita ce alƙali. Wanda aka kayar zai ɗebo wa ɗan'uwansa ruwan wanka mako guda idan an dawo. Na riga na gaya masa ya nemi bokiti mai kyau, don nawa yana yoyo.